ERDOGAN YA CI ZAƁE, LIRA TA SHA ƘASA

Ran Lahadi, 28 ga watan Mayu 2023, mutanen ƙasar Turkiyya suka fita zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa, suka sake danƙa wa Rajab Tayyib Erdogan ragamar mulki na shekara biyar. Ya sami kashi 52 cikin ɗari na ƙuri'un da aka jefa, abokin karawarsa Kemal Kilicdaroglu ya tashi da kashi 48. Kashegari Litinin ita ce ranar da aka rantsar da Bola Tinubu a Abuja, ya faɗa da bakinsa cewa rangwamen man fetur ya ƙare. Dacen bai tsaya nan ba. Ran Jumma'a 9 ga watan Yuni aka naɗa sabuwar shugabar Babban Bankin Turkiyya a Ankara, a wannan rana kuma aka dakatar da shugaban na Nijeriya a Abuja. Kafin watan ya mutu, naira da lira, watau kuɗin Turkiyya, duk sun zube a gaban dala. (Ankara da ake nufi a nan ita ce babban birnin Turkiyya, kada a rikita ta da Ankara ta ƙasar Gana wadda fataken goro suka sani.)

Saboda haka ɗan canjin da ke zaune a Sabo ta Badun ko bakin titin Broad a Ikko, da Hajiyar da ke saro dogayen riguna da mayafai daga Istambul, da mahaifin da aka tsare sai ya yi wa 'yarsa gado ɗan Turkiyya, duk ba baƙi ba ne a wannan labari. Bambancin kawai shi ne, a Nijeriya sabon mutum ne ya zo ya rushe tsarin wanda ya gada. A Turkiyya kuwa mai gidan bai sake ba. Shi da kansa ya ɗauko mutanen da za su warware abin da ya shekara biyu yana ƙullawa, domin baitulmali ya yi ƙaf, kuma wannan ƙarancin kuɗi shi ya riƙa jan akalar gwamnatin a gida da waje.

YADDA AKA CI ZAƁEN

Jaridun Turai da dama sun riga sun yi wa Erdogan jana'iza tun kafin ranar zaɓe, kuma suna da hujja. Mutumin ya shekara ashirin a kan mulki, daga Firayim Minista a 2003 zuwa shugaban ƙasa a 2014. A watan Oktoba 2022 hukumar ƙididdiga ta gwamnati da kanta ta ce farashin kaya ya hau da kashi 85 cikin ɗari a shekara guda, wata ƙungiyar masana masu zaman kansu kuwa ta ce abin ya haura kashi 180. Ana cikin wannan, ran 6 ga watan Fabrairu 2023 kafin asuba, ƙasa ta girgiza a kudancin Turkiyya, ta sake girgiza da azahar, mutane fiye da 50,000 suka riga mu gidan gaskiya a larduna 11. Ga kuma jam'iyyu shida na hamayya sun haɗa kai sun tsai da ɗan takara guda.

Duk da haka, a lardin Kahramanmarash inda girgizar ta samo asali, sama da kashi 70 cikin ɗari shi suka zaɓa. Wanda ya san tarihin ƙasar ba zai yi mamaki sosai ba. Tun da Mustafa Kemal Ataturk ya kafa jamhuriya a 1923, ya soke halifanci a 1924, ya kawo ƙarshen Daular Usmaniyya ta Sarkin Santambul (ba ta Shehu Ɗan Fodiyo ba), talakan ƙauye mai riƙo da addini yake ganin kansa bare a ƙasar ubansa. Soja sun yi juyin mulki a 1960 suka rataye Firayim Minista Adnan Menderes, suka sake tsoma baki a 1971 da 1980, a 1997 kuma suka tilasta wa Najmuddin Erbakan, malamin Erdogan a siyasa, ya sauka. Akwai mata da yawa a raye waɗanda aka hana su shiga jami'a saboda sun rufe kansu. Erdogan ne ya kau da wannan doka, shi ne kuma ya mai da Aya Sofiya masallaci a 2020. Irin waɗannan mutane ba tsadar albasa ce za ta sa su miƙa ƙuri'a ga jam'iyyar Ataturk ba.

Sa'an nan akwai abin da hannu ya bayar. Ana saura 'yan watanni zaɓe aka yi dokar da ta ba mutane fiye da miliyan 2 damar yin ritaya da wuri su fara karɓar fansho. Aka ba kowane gida iskar gas kyauta na wata guda. Ana saura kwana biyar a jefa ƙuri'ar zagayen farko aka ƙara wa ma'aikatan gwamnati 700,000 albashi da kashi 45 cikin ɗari. Mafi yawan gidajen talabijin kuwa suna hannun gwamnati ko aminanta. Zaɓen dai an ƙirga shi a fili, jama'a sun fito sosai, amma fagen kokawar a karkace yake.

MAGANAR KUƊIN RUWA

Don a gane abin da sabuwar gwamnati ta tarar, dole a koma kan wani ra'ayi da Erdogan ya daɗe yana riƙe da shi. A ganinsa kuɗin ruwa shi ne uwa da uban kowane sharri, kuma shi ke haifar da tsadar kaya. Masana tattalin arziki na ko'ina suna cewa in kaya suka yi tsada sai Babban Banki ya ɗaga kuɗin ruwa don mutane su rage cin bashi, kuɗi su ragu a hannun jama'a, farashi ya lafa. Shi ya ce a'a, saukar da shi za a yi. Tsakanin watan Yuli 2019 da Maris 2021 ya kori shugabannin Babban Banki har uku. Na ukun, Naci Agbal, ko wata biyar bai cika ba. Ya ɗaga kuɗin ruwa zuwa kashi 19, bayan kwana biyu aka sallame shi. Wanda ya gaje shi ya kama ragewa tun daga watan Satumba 2021, bai tsaya ba sai da ya kai kashi 8 da rabi a Fabrairu 2023. Da aka matsa wa Erdogan da tambaya a ƙarshen 2021, sai ya ce shi Musulmi ne, nassi a bayyane yake, kuma abin da nassi ya ce shi zai bi.

Wannan magana ta yi wa Musulmi da yawa daɗi, har a nan Nijeriya. Babu kuwa Musulmin da zai yi jayayya da haramcin riba. Amma fa a duba da kyau: Erdogan bai soke riba a Turkiyya ba, rage ta ya yi, ita kuwa riba ƙaramarta da babbarta hukuncinsu ɗaya a wurin malamai. Abin da ya kamata a tambaya shi ne wa ya ci moriyar ragin.

A ce mutum ya karɓi bashin lira 100 a banki, bayan shekara zai mayar da 120 ko 130, alhali kayan da ya saya da kuɗin sun koma 180. Wannan ai kyauta aka ba shi. To, wa banki ke ba bashi? Mai gida ko fili ko masana'antar da zai jinginar. Irin waɗannan suka kwashi lira mai araha suka sayi dala da zinariya da gidaje da motoci. Leburan da ke tara 'yan kuɗinsa a ƙarƙashin matashin kai, da tsohuwar da ke jiran fansho, su suka wayi gari abin hannunsu ya narke kamar man shanu a rana. Kowane ɗan canji ya san abin da ke biyo baya in jama'a suka daina yarda da kuɗin ƙasarsu: kowa na neman dala, ba mai sayarwa. A farkon 2021 dala guda lira 7 da ɗoriya ce. Ran 20 ga watan Disamba na wannan shekara ta taɓa 18.

A ranar ce gwamnati ta fito da wata dabara. Aka ce wa jama'a su bar kuɗinsu da lira a banki, in dala ta tashi fiye da abin da banki ya ƙara musu, gwamnati za ta cika musu giɓin. An ƙi kiran abin da sunan riba. Sai dai mai kuɗi ya ajiye kuɗinsa ya koma gida ya kwanta, aka ɗebo daga dukiyar jama'a aka ƙara masa, ciki har da harajin wanda ba shi da ko asusu a banki. A shekarar 2023 kaɗai Babban Banki ya yi hasarar lira miliyan dubu 818, mafi yawanta ta wannan hanya. Ban da haka, don kada lira ta faɗi ana tsakiyar yaƙin neman zaɓe, aka yi ta fitar da dalar ajiya ana zubawa a kasuwa, har ya zama ana saura mako guda a yi zagaye na biyu, in aka cire bashin da ke kan Babban Bankin, abin da ya rage a asusunsa ya faɗa ƙasa da sifiri. Rabon da a ga haka tun 2002.

AN KIRA WANDA AKA AJIYE

Ran 3 ga watan Yuni aka rantsar da Erdogan, a daren ya bayyana ministocinsa. Daga tsofaffin biyu kaɗai suka tsira, na lafiya da na al'adu. Hakan Fidan, wanda ya shekara goma sha uku yana shugabancin hukumar leƙen asiri, ya koma Ministan Harkokin Waje. Amma sunan da 'yan kasuwa suka zuba wa ido shi ne na Ministan Kuɗi, Mehmet Shimshek.

Shimshek Baƙurde ne, ɗan manoma daga wani ƙauye a lardin Batman, ya yi karatu har ya kai ga aiki da bankin Merrill Lynch a Landan. Ya riƙe ma'aikatar kuɗi daga 2009 zuwa 2015, zamanin da arzikin Turkiyya ke bunƙasa har ta gama biyan bashin Asusun Ba Da Lamuni na Duniya a 2013. A 2018 aka ajiye shi, Erdogan ya miƙa ma'aikatar ga surukinsa Berat Albayrak. Da bukata ta taso sai aka koma aka nemo shi. Ranar da ya karɓi aiki, tsohon ministan na tsaye a gefensa, ya ce Turkiyya ba ta da wata mafita illa ta koma kan turbar hankali. Kowa ya gane inda maganar ta dosa.

Babban Banki kuwa aka ba Hafize Gaye Erkan, mace ta farko da ta riƙe shi, wadda aka ɗauko daga bankunan Amurka. A zamanta na farko ta ɗaga kuɗin ruwa daga 8 da rabi zuwa 15. A watan Agusta ya kai 25, a Nuwamba 40. Ta yi murabus a Fabrairu 2024 bayan jaridu sun taso iyalinta a gaba, mataimakinta Fatih Karahan ya hau, shi kuma a watan Maris ya kai shi 50. Watau cikin wata tara, a ƙarƙashin shugaban da ya ce ba zai saɓa wa nassi ba, kuɗin ruwa ya ninka kusan sau shida. Erdogan bai fito ya ce ya yi kuskure ba; ya ce ra'ayinsa na nan, amma ya bar Shimshek ya yi aikinsa. Tilas, in ji Hausawa, ba ta rasa ɗakin kwana.

Haraji ma ya biyo baya. A watan Yuli 2023 aka ɗaga harajin sayen kaya daga kashi 18 zuwa 20, harajin man fetur kuwa aka ninka shi kusan sau uku a dare ɗaya. Aka sassauta riƙon da aka yi wa lira, dala ta tashi daga 20 zuwa 26 cikin wata guda, ta kai 30 a farkon 2024, ta haura 40 a 2025. Tsadar kaya ta fara yin gaba kafin ta yi baya: kashi 75 a watan Mayu 2024, kashi 44 a ƙarshen shekarar, wajen kashi 31 a ƙarshen 2025. Mai karatu kada ya ɗauka kaya sun sauko. Motar da ke gudun 75 in ta koma 31, har yanzu gaba take yi.

LISSAFIN SHAYI DA SIMIT

Akwai wani burodi da Turkawa ke kira simit, mai kama da gammo, an barbaɗe shi da riɗi. Matsayinsa a can kamar na ƙosai da koko ne a Arewa, shi ne kalacin talaka. Erdogan da kansa ya yi tallarsa yana yaro a unguwar Kasimpasha ta Istambul. Kafin ya hau mulki yana da wani lissafi da yakan yi wa jama'a a wurin taro: miji da mata da 'ya'ya uku, kowa ya sha kofin shayi da simit guda sau uku a rana har wata, a tara kuɗin a gwada da albashi mafi ƙanƙanta, sai a ga albashin bai kai ba. Da wannan lissafi ya ƙona gwamnatocin wancan zamani. 'Yan hamayya sun adana hoton, suna ta maimaita masa lissafin da farashin kowace shekara.

Waɗanda suka fi ji a jikinsu su ne 'yan fansho. A farkon 2024 mafi ƙarancin fansho lira 10,000 ne, alhali mafi ƙarancin albashi 17,002, kuma gwamnati ce da kanta ta sa wa shekarar suna shekarar 'yan fansho. Albashin ma da aka saba ƙarawa sau biyu a 2022 da 2023, a 2024 sau ɗaya aka ƙara. Haya kuwa sai wanda ya gani. Ita kanta Erkan, tana shugabar Babban Banki, ta gaya wa wata jarida a watan Disamba 2023 cewa ta kasa samun gidan haya a Istambul saboda tsada, ta koma wurin iyayenta.

Fataken Nijeriya da ke zuwa unguwar Laleli saro tufafi su ma abin ya shafe su ta wata fuska. Da can faɗuwar lira alheri ce ga mai dala a aljihu. Amma tun da Shimshek ya kama, farashin kaya da albashi a cikin Turkiyya suna tashi fiye da yadda lira ke faɗuwa, saboda haka rigar Turkiyya ta yi tsada ko da dala aka auna ta. Masaƙu da dama sun rage ma'aikata, waɗansu sun kwashe injinansu sun koma Masar inda lada ke da sauƙi. Ga naira kuma ta faɗi a nata ɓangaren. Mai saye a kasuwar Balogun da ke ganin kamar Hajiya ce ta tsawwala, ga inda abin ya samo asali.

ZIYARAR NEMAN KUƊI

Mako shida da rantsarwa, Erdogan ya ɗauki ayarin 'yan kasuwa ya nufi Saudiyya da Ƙatar da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Wanda ya tuna baya zai san nauyin wannan tafiya. A ofishin jakadancin Saudiyya da ke Istambul aka kashe ɗan jarida Jamal Khashoggi a watan Oktoba 2018, Erdogan ne kuma ya fi kowa ɗaga murya a kai. A watan Afrilu 2022 kotun Turkiyya ta tattara shari'ar ta miƙa wa Saudiyya, a Maris 2023 Saudiyya ta ajiye dala miliyan dubu 5 a Babban Bankin Turkiyya. A wannan ziyara ta Yuli kuma ta ƙulla cinikin jiragen yaƙi marasa matuƙi na kamfanin Baykar, cinikin makamai mafi girma da Turkiyya ta taɓa yi zuwa lokacin. Daular Larabawa, wadda jaridun gwamnati suka daɗe suna zargi da hannu a yunƙurin juyin mulkin 15 ga watan Yuli 2016, ta sa hannu a yarjejeniyoyin da aka ƙiyasta sun haura dala miliyan dubu 50.

Masar ma haka. Tun da Janar Sisi ya hamɓarar da Muhammad Mursi a 2013 Erdogan ya ce ba zai zauna da shi ba. A watan Yuli 2023 aka mai da jakadu, a Fabrairu 2024 Erdogan ya sauka Alƙahira, a Satumba Sisi ya rama ziyara. A Disamba 2023 ya je Atina ya shirya da Girka. Durƙusa wa wada dai ba gajiyawa ba ne.

Inda ya nuna shi ɗan kasuwa ne na gaske shi ne batun Suwidin. Turkiyya tana cikin ƙungiyar tsaro ta NATO tun 1952, kuma ba a shigar da sabuwar ƙasa sai kowa ya yarda. Suwidin ta nemi shiga a 2022 don tsoron Rasha, Erdogan ya ƙi, ya ce tana ba 'yan tawayen Ƙurdawa mafaka, ga kuma ƙona Alƙur'ani mai girma da aka yi a babban birninta fiye da sau ɗaya a 2023, ɗaya ma ranar Babbar Salla. Ya riƙe su shekara ɗaya da rabi. Ran 23 ga watan Janairu 2024 Majalisar Turkiyya ta amince, kafin mako ya zagayo Amurka ta yarda za ta sayar wa Turkiyya jiragen yaƙi samfurin F-16 guda 40 da ta daɗe tana hana ta.

Da Rasha kuwa raba ƙafa ake yi. Turkiyya ta sayar wa Yukren jirage marasa matuƙi, ta kuma rufe mashigin Bosforus ga jiragen ruwan yaƙi bisa yarjejeniyar 1936, amma ta ƙi shiga takunkumin da Turai da Amurka suka ƙaƙaba wa Rasha. Dalilin a aljihu yake. Wajen kashi 40 cikin ɗari na iskar gas da Turkiyya ke saye daga Rasha yake fitowa, Rashawa ne suka ɗauki ginin tashar lantarki ta nukiliya a Akkuyu, kuma Rashawa fiye da miliyan 6 suka zo yawon shaƙatawa a 2023 da kuɗinsu a hannu. Turai kuma ita ce babbar mai sayen kayan Turkiyya, ko da yake maganar shiga Tarayyar Turai da aka buɗe a 2005 ta daɗe da yin sanyi.

TA FUSKAR AFIRKA

A 2002 ofisoshin jakadancin Turkiyya a Afirka 12 ne, cikin shekara ashirin suka haura 40. A Somaliya tana da sansanin horar da soja tun 2017, a Disamba 2024 kuma a Ankara aka sasanta Somaliya da Habasha kan rikicin tashar jiragen ruwa. Jamhuriyar Nijar ta sayi jiragen Bayraktar tun zamanin Bazoum, da soja suka karɓi mulki suka sallami Faransa da Amurka, sai ga ministocin Turkiyya na waje da tsaro da makamashi tare da shugaban leƙen asiri sun sauka Yamai rana ɗaya a watan Yuli 2024.

Nijeriya da Turkiyya suna tare a ƙungiyar ƙasashe takwas masu tasowa da Erbakan ya kafa a 1997. Erdogan ya zo Abuja a 2016 da 2021, sojan saman Nijeriya kuma sun sayi jirage masu saukar ungulu samfurin T-129 daga can. Ba kuma saye kaɗai ake yi ba. Turkiyya na cikin manyan masu sayen riɗin Nijeriya. Buhun da ya taso daga gonakin Jigawa ko Nasarawa, ya bi ta Dawanau, ya sauka Apapa, yana iya ƙarewa a bisa simit ɗin da ake wancan lissafi da shi.

TALAKA YA RAMA

Ran 31 ga watan Maris 2024, kwana goma da kai kuɗin ruwa 50, aka yi zaɓen ƙananan hukumomi. Jam'iyyar Erdogan ta AKP ta sami kashi 35 da rabi, jam'iyyar CHP ta hamayya ta sami kusan 38. Wannan ne karo na farko da aka kayar da AKP a faɗin ƙasa tun da ta hau mulki a 2002, rabon CHP da zuwa ta ɗaya kuwa tun 1977. 'Yan fansho da yawa sun zauna a gida. Waɗansu masu riƙon addini kuma suka koma jam'iyyar Fatih Erbakan, ɗan marigayi Najmuddin, wanda ya yi ta tambaya a wurin taro yadda za a yi shugaba yana la'antar Isra'ila kan Gaza da baki alhali jiragen ruwa na ɗaukar ƙarfe da siminti daga tashoshin Turkiyya zuwa can. Cinikin ƙasashen biyu ya kusa dala miliyan dubu 7 a 2023. Kwana tara bayan shan kayen gwamnati ta hana fitar da kaya iri 54 zuwa Isra'ila, a farkon watan Mayu ta ce ta tsai da cinikin baki ɗaya. An shafe wata shida ana ruwan bama-bamai a Gaza ba a yi haka ba, sai da akwatin zaɓe ya yi magana.

Wanda ya fi kowa fitowa da ƙarfi daga wannan zaɓe shi ne Magajin Garin Istambul, Ekrem Imamoglu. A 2019 ya ci da ratar ƙuri'a wajen 13,000, aka soke zaɓen, aka sake, ya ci da ratar 800,000. Kujerar nan Erdogan ya san darajarta, don daga kanta shi ma ya taso a 1994, daga kanta kuma aka kai shi kurkuku wata huɗu a 1999 saboda wata waƙa da ya karanta a bainar jama'a. Ran 18 ga watan Maris 2025 Jami'ar Istambul ta soke takardar digirin Imamoglu, alhali ba a tsayawa takarar shugaban ƙasa sai da digiri. Kashegari da sassafe 'yan sanda suka kama shi bisa zargin cin hanci. Gwamnati ta ce kotu ke aikinta, jam'iyyarsa ta ce bi-ta-da-ƙulli ne. Jama'a suka cika tituna, aka kama kusan mutum 2,000. Masu zuba jari daga waje suka fara kwashe kuɗinsu, Babban Banki ya zubar da dala mai ɗimbin yawa daga ajiyar da Shimshek ya sha wahalar tarawa, kuɗin ruwan da aka fara saukarwa har ya kai 42 da rabi aka sake ɗaga shi zuwa 46 a watan Afrilu. A Nuwamba 2025 masu gabatar da ƙara suka nemi a ɗaure Imamoglu sama da shekara 2,000.

A daidai wannan lokaci kuma gwamnati ta buɗe wata ƙofa da ba wanda ya zata. Abdullahi Ocalan, shugaban ƙungiyar PKK ta 'yan tawayen Ƙurdawa, wanda aka kamo a Nairobi a 1999 aka tsare a tsibirin Imrali, ya yi kira ga mutanensa a watan Fabrairu 2025 su ajiye makamai. A watan Mayu ƙungiyar ta ce ta rushe kanta, bayan yaƙin da aka fara a 1984 wanda ya ci rayuka fiye da 40,000. Faɗuwar Bashar Assad a Siriya a watan Disamba 2024, a hannun 'yan tawayen da ke ɗasawa da Turkiyya, ta taimaka wajen sauya lissafin kowa. Zaman lafiya abin so ne ko ta wace hanya ya zo, amma 'yan hamayya suna ƙirga kujeru. Bisa tsarin mulki wa'adin Erdogan zai ƙare a 2028 kuma ba zai sake tsayawa ba, sai fa in Majalisa ce ta kira zaɓe kafin lokaci, wanda ke bukatar ƙuri'a 360 daga cikin 600. A zaɓen 2023 ƙawancen Erdogan ya sami kujeru 323. Jam'iyyar da Ƙurdawa suka fi mara wa baya ta sami 61.